Duƙushin da bai taɓa cin sukuwa ba: Yadda ake auna gudunsa da makomarsa a Maiduguri

A kusan kowace bargar da ake kiwon dawakin sukuwa akwai doki guda da ke raba kan mutanen gida. Duƙushi ne, shekarunsa ba su wuce uku ba, an fitar da shi fage sau huɗu ko biyar amma bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Mai shi yana lissafin buhunan geron da damman harawar da ya ci, mahayinsa yana roƙon a ƙara masa lokaci, dillali kuwa ya riga ya fara zagaya turke.

Hukuncin da za a yanke a kan irin wannan doki ba ƙarami ba ne. Idan aka yi gaggawar sayar da shi, ana iya ganinsa baɗi yana ɗaukar kofi a hannun wani. Idan aka ci gaba da matsa masa alhali ba shi da gudu, dukiya za ta salwanta, kuma mai yiwuwa ƙafafunsa su lalace tun bai kai ƙarfi ba. Abin da masana harkar ke bi wajen raba gardama shi ne, ba sa tsayawa a kan cewa doki ya faɗi tsere, sai sun binciki yadda aka yi ya faɗi.

Doki a ƙasar Borno

Tambayar tana da nauyi na musamman a Maiduguri, domin ƙasar Borno ta daɗe da sanin darajar doki. Daular Kanem-Borno ta kafu ne a kan mayaƙan dawaki. Matafiyin nan Leo Africanus, wanda ya rubuta labarin Afirka a farkon ƙarni na 16, ya bayyana cewa sarkin Borno yakan sayi dawaki daga fataken Arewacin Afirka, kowane doki a bakin bayi 15 zuwa 20. A watan Fabrairun 1823, lokacin da Turawan Ingila Denham da Clapperton suka isa Kukawa, mahaya sanye da sulke ne suka tarye su a madadin Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi. Har yau littattafan kiwon dabbobi suna ambaton dokin Borno a matsayin reshe na jinsin Dongola, wanda asalinsa daga ƙasar Sudan yake.

Bayan kafuwar Yerwa a 1907, wannan gado ya dawo sabon birnin, inda ake ganinsa a hawan Sallah a Dandal da ƙofar fadar Shehu. Sai dai rikicin da ya ɓarke a 2009 ya taɓa harkar ƙwarai. An dakatar da hawan Sallah na wasu shekaru, kuma a 2015 rundunar soja ta haramta zirga-zirga a kan dawaki a jihar bayan wasu hare-haren da aka kai wa ƙauyuka a kan dawaki. Da zaman lafiya ya fara dawowa, hawa ya dawo, matasa kuma suka koma ga kilisa da sukuwa.

Duk da haka, mai dokin da ke son gwada shi a manyan gasanni irin na Kano ko Katsina ko Bida, sai ya loda shi a mota ya yi doguwar tafiya. Daga Maiduguri zuwa Kano kaɗai kusan kilomita 600 ne. Ma'anar wannan ita ce damar fita fage ba ta da yawa a shekara, kowace fita kuma tana cin kuɗi. Shi ya sa ya wajaba mai doki ya tatsi duk wani darasi da ke cikin kowane tseren da dokinsa ya yi, ko da na ƙarshe ya zo.

Shekaru su ne farkon tambaya

Kafin a ce doki ba shi da gudu, sai an tabbatar da shekarunsa. A ƙasashen da ke da rajistar dawaki abin yana da sauƙi: a Turai da Amurka ana ƙara wa kowane dokin tsere shekara a ranar 1 ga Janairu, a Ostireliya da Afirka ta Kudu kuma ranar 1 ga Agusta. A nan gida, inda akasarin dawaki ke shigowa ta kasuwa daga Chadi da Sudan da Nijar ba tare da takardar haihuwa ba, haƙori ne shaida. Haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa a shekara biyu da rabi, na kusa da su a shekara uku da rabi, na gefe a shekara huɗu da rabi. Doki yana cika baki ne a shekara biyar.

Ƙashi ma haka yake bi daki-daki. Ƙasusuwan ƙasan ƙafa su ne ke fara ƙwari, na gwiwa suna kammala girma wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, amma ƙashin baya, wanda ke ɗauke da sirdi da mahayi, ba ya gama ƙarfi sai doki ya kai shekara biyar zuwa shida. Nazarin lokutan tsere ya nuna cewa yawancin dawaki suna kai ƙololuwar gudunsu ne tsakanin shekara huɗu zuwa biyar.

Saboda haka duƙushi ɗan shekara uku da aka jera da ingarmu 'yan shekara shida, kuma aka ɗora musu nauyi iri ɗaya, an riga an tauye shi tun kafin a tashi. Turawan Ingila sun gane haka tun a ƙarni na 19, lokacin da Admiral Rous ya tsara ma'aunin da ke rage wa ƙananan dawaki nauyi gwargwadon shekarunsu da nisan tsere. Sun kuma ware wani rukunin tsere na musamman wanda ba mai shiga sai dokin da bai taɓa ci ba, domin kowa ya kara da tsaransa.

Raba dawaki bisa ga shirinsu ya girmi Turawa. A cikin ingantattun hadisai an ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya shirya tsere a Madina, inda dawakin da aka horar suka yi doguwar tazara, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su gajeriya.

Wannan ba ya nufin a ɗaure duƙushi a turke har ya cika baki. Likitocin dabbobi sun tabbatar da cewa motsa jiki daidai gwargwado tun yana ƙarami yana ƙarfafa ƙashi da jijiya. Abin da ke illa shi ne gudu mai tsanani a kai a kai a kan busasshiyar ƙasa, wanda ke jawo kumburi da zafi a gaban ƙwauri, ciwon da ya yi yawa a tsakanin 'yan shekara biyu.

Abubuwan da ake dubawa a tseren da aka faɗi

Na farko shi ne tazara. A harkar sukuwa ana auna rata da tsawon jikin doki, wanda ya kai kimanin mita biyu da rabi. Dokin da ke cikin gudu sosai yana yin kusan kilomita 60 a awa, wato yana shafe tsawon doki shida ko fiye cikin daƙiƙa guda. Ke nan dokin da ya zo na biyar, amma tsawon doki biyu ne kacal tsakaninsa da na ɗaya, bai kai rabin daƙiƙa a baya ba. Ya fi wanda ya zo na biyu da ratar tsawon doki 15 alamar alheri, ko da yake na biyun ne ya karɓi kyauta.

Na biyu shi ne abokan karawa. Hausawa sun ce doki ɗaya a fage gudu gare shi. Zuwa na uku a cikin dawaki huɗu marasa ƙarfi ba ya nuna komai. Abin da ake bi shi ne a lura da waɗanda suka wuce duƙushin: idan sun je wasu garuruwa sun ci gasa daga baya, to faɗuwarsa a hannunsu ba abin kunya ba ce, darajarsa ma ta ƙaru. A nan ne asalin doki ke shigowa, domin masu shirya gasa kan ware dawakin gida daga 'yan Sudan da kuma jinsin Turai masu dogayen ƙafafu. Dokin gida da aka jefa cikin rukunin da ya fi ƙarfinsa zai yi ta faɗuwa ba tare da laifinsa ba.

Na uku shi ne yadda tseren ya gudana daga tashi zuwa layin ƙarshe. Shin ya makara a tashi? An matse shi a kwana? Ya yi ta zagaye ta waje yana ƙara wa kansa tafiya? Shahararren dokin Amurka, Secretariat, ya zo na huɗu a tserensa na farko a watan Yulin 1972, bayan an bangaje shi a wurin tashi. Waɗanda suka kalli yadda ya riƙa cim ma na gabansa a ƙarshen tseren sun san abin da suka gani. A shekarar da ta biyo baya ya lashe manyan kofuna uku na ƙasar, na ƙarshen da ratar tsawon doki 31.

Na huɗu shi ne nisan tsere. Akwai dokin da ke fita kamar kibiya ya jagoranci tsere, sannan ya sare a mita 200 na ƙarshe. Irin wannan yana neman gajeren tsere ne, mita 1,000 zuwa 1,200. Akwai kuma wanda ke tashi a hankali, sai an kusa gamawa a ga yana wuce dawaki ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma mita 1,600 zuwa 2,400 ne fagensa. Dawaki da dama sun shekara ana kiransu raggaye, alhali tazarar da ake sa su ce ba ta dace da halittarsu ba.

Na biyar shi ne nauyi. Dokin tsere a ƙasashen waje yana ɗaukar kilo 50 zuwa 60 ne, mahayi da sirdi a haɗe. Masu tsara nauyi a Ingila suna ƙiyasta cewa a tseren mita 1,600, ƙarin kilo ɗaya yana jawo asarar kusan tsawon doki ɗaya. Idan mahayin duƙushi ya fi na abokin karawarsa da kilo biyar, kuma ratar da aka ba shi tsawon doki uku ce, lissafi ya nuna cewa da nauyin ya zo daidai, sakamakon zai iya sauyawa.

Na shida shi ne ƙasa da yanayi. Dokin da ya saba da yashin Maiduguri yana iya ɗari-ɗari da tsandauri ko ciyawa a wani gari. Tafiyar yini guda a bayan mota tana rage masa ruwan jiki, kuma idan aka sauke shi yau aka sa shi tsere gobe, gajiyar hanya ce za ta yi gudun. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yana haura digiri 40, dokin da ke aiki tuƙuru a irin wannan yanayi kuwa yana iya zubar da gumin da ya kai lita 10 zuwa 15 a awa guda. A lokacin hunturu kuma ƙura ce ke damun huhunsa.

Lafiya da hali

Sau da yawa abin da ake ɗauka rashin zuciya ne, ciwo ne da ba a gano ba. Doki ba ya numfashi ta baki, ta hanci kaɗai yake yi, kuma idan yana sukuwa numfashi ɗaya yake ja a kowane tsalle. Duk abin da ya rage masa iska zai rage masa gudu nan take. Gurnani ko fito a maƙogwaro yayin gudu, tari bayan tsere, ko jini a hanci, alamu ne da ke buƙatar likita. Bugun zuciyar lafiyayyen doki a hutu yana tsakanin 28 zuwa 44 a minti, a tsakiyar gudu kuma yana haura 200. Saurin saukowarsa bayan an tsaya shi ne ma'aunin horon da doki ya samu.

Sauran abubuwan da ke hana duƙushi gudu sun haɗa da tsutsar ciki, kofaton da ba a gyara daidai ba, sirdin da ke cin baya, da kuma zafin baki a lokacin sauya haƙori. Linzamin gargajiya mai kaifi, wanda aka ƙera domin tsayar da doki cak a gaban sarki, yana iya sa duƙushin da dasashinsa ke ciwo ya riƙa ɗaga kai yana faɗa da mahayi maimakon ya miƙa wuya ya yi gudu. Da damina kuma akwai barazanar annobar nan ta dawakin Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa da almuru. Masu dawaki a Maiduguri suna da gata a wannan fanni, domin Jami'ar Maiduguri tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta.

Hali ma yana da nasa rabo. Wani duƙushin yana ƙone ƙarfinsa da tsalle-tsalle da gumi tun kafin a tashi, saboda hayaniyar 'yan kallo da ganguna. Wani yana tsoron shiga tsakanin dawaki. Wani kuma idan ya wuce gaba sai ya sassauta yana jiran 'yan uwansa, domin doki dabbar garke ce. Yawancin waɗannan ɗabi'u suna gushewa da sabo da haƙurin mahayi. Yawan bulala kuwa yana koya wa doki ƙin fage ne, har ya kai ga yana turjewa da zarar ya hango shi.

Darasi daga waɗanda suka makara da waɗanda ba su taɓa ci ba

Tarihin sukuwa yana da misalai a ɓangarorin biyu. Sir Barton ya yi tsere shida a 1918 yana ɗan shekara biyu bai ci ko ɗaya ba. A 1919 aka sa shi a babban tseren Kentucky domin kawai ya ja gudu ya gajiyar da abokan hamayya, ya share wa wani dokin bargarsu mai suna Billy Kelly hanya. Sai ya riƙe gaba har ƙarshe, ya kuma ci gaba ya zama doki na farko da ya haɗa manyan kofuna uku na Amurka.

Seabiscuit ya faɗi tserensa 17 na farko a jere. An fitar da shi fage sau 35 yana ɗan shekara biyu, abin da ya gajiyar da shi ya kuma ɓata masa hali. A 1936 ya koma hannun wani mai horo, Tom Smith, wanda ya ba shi hutu ya sauya masa abinci da tsarin horo. A watan Nuwamban 1938 ya doke War Admiral, zakaran ƙasar na lokacin, a karawar da suka yi su biyu a Baltimore.

A ɗaya ɓangaren akwai The Green Monkey, wanda aka saya a kan dala miliyan 16 a 2006 saboda asalinsa da saurin da ya nuna a gwaji. Tsere uku ya yi, mafi kyawun sakamakonsa shi ne na uku. Zippy Chippy jikan fitaccen ingarman nan ne Northern Dancer, amma ya yi tsere 100 bai ci ba. A Japan, goɗiya Haru Urara ta fita fage sau 113 tsakanin 1998 da 2004 ba tare da nasara ko ɗaya ba, sai dai jama'a sun ƙaunace ta saboda nacinta, har cincirindon masu zuwa kallonta ya taimaka wajen ceto filin sukuwar Kochi daga rufewa. Ta mutu a watan Satumban 2025 tana da shekara 29.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, tsada da asali ba sa ba da tabbacin gudu, jerin faɗuwa kuma ba ya rufe ƙofa. Bambancin yana cikin alkiblar da sakamakon ke bi. Dokin da ratarsa ke raguwa daga tsere zuwa tsere yana kan hanya. Wanda aka sauya masa nisa da mahayi da rukuni, likita ya tabbatar da lafiyarsa, ya kuma kai shekara biyar ratar tana nan yadda take, ya riga ya faɗi iyakarsa.

Zaɓin da ke gaban mai doki

Ga duƙushin da alamunsa ke da kyau, matakan a bayyane suke: a ba shi hutu na wasu watanni idan ƙwaurinsa na zafi, a nemo masa mahayi marar nauyi mai sanyin hannu, a sa shi a rukunin tsaransa da tazarar da ta dace da shi, sannan a isa garin gasa da kwanaki a hannu domin ya huta ya saba da ƙasa. Ana kuma sauya abu ɗaya ne a lokaci guda, domin idan aka sauya komai tare ba za a san wanda ya yi aiki ba.

Babban giɓin da ke akwai shi ne na rubutu. A Ingila da Faransa da Afirka ta Kudu, kowane tsere yana da bayanin da ke nuna rana, nisa, nauyi, yanayin ƙasa, matsayi da rata. A nan akasarin wannan ilimi yana cikin kawunan mahaya da masu kula da barga, kuma kowa yana tuna abin da ya dace da ra'ayinsa. Littafin rubutu guda da wayar hannu mai ɗaukar bidiyo sun isa su cike giɓin. Idan aka rubuta waɗannan bayanai bayan kowane tsere, aka kuma auna lokacin da doki ke ɗauka a kan tazara ɗaya duk bayan mako biyu, cikin wata shida mai doki zai sami hujjar da ta fi ta bakin dillali.

Ga wanda kuma ya tabbata ba ɗan sukuwa ba ne, asarar a ƙasar Hausa da Borno ba ta kai ta wasu ƙasashe ba, domin doki yana da sana'a fiye da ɗaya. Mai kyan ƙira da natsuwa, wanda ba ya firgita da bindiga ko algaita, yana da kasuwa a wurin masu hawan Sallah da hawan angwanci, al'adar da martabarta ta ƙaru tun da UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024. Mai saurin tashi da iya juyi yana iya dacewa da wasan folo, wanda ke da kulob-kulob a Kaduna da Kano da Katsina. Goɗiya mai kyakkyawan asali kuwa tana iya haifar abin da ita ba ta yi ba.

Sharaɗin duk waɗannan hanyoyi shi ne doki ya bar fage da ƙafafunsa huɗu lafiya. Duƙushin da aka tilasta wa gudu da kumburarriyar jijiya domin neman kofi guda, ba zai yi sukuwa ba, ba zai yi hawa ba, kuma babu mai saye. Saboda haka a duk lokacin da mai shi da mahayi suka zauna shawara bayan an dawo daga gasa hannu rabbana, abin da ya kamata su fara yi shi ne shafa ƙafafun dokin da safe kafin a ba shi abinci, a ji ko akwai zafi ko kumburi, sannan a buɗe littafi a duba ko ratar ta ragu a kan ta watan jiya.